Shekarar da Murjanin Ramatu Ya Yi Fari

Wannan shi ne babin da na fi daɗewa ina juya bik, alƙalamina, a kansa. Na cika kaye biyu, littattafan rubutu, da labarin ƙuruciyata da na aurena ban tsaya ba, amma da na iso shekarar da mahaifinku ya rasu sai na riƙa samo wa kaina aiki: yau wanki, gobe sussuka, jibi gaisuwar maƙwabta. To, aikin ya ƙare. Na san abin da ake faɗa tsakaninku ko da ba gabana ake faɗa ba. Wasu sun ce Ramatu ta zaɓi duwatsun teku ta bar ubanta kwance, wasu sun ce ni na tura ta. Babba, kai ka faɗa mini ido da ido ranar sadakar bakwai, ban ba ka amsa ba, kuma daga ranar ba ka sake kiran ƙanwarka ba. Shekara shida ke nan. Bakina ba ya sauri, kun sani. Hannun da ya koyi rubutu a karatun manya, da furfura a kai, shi zai ba ka amsar.

Kun tashi kun iske ni da hannu ja, don sana'ata kaba ce. Ina rina ta, in saƙa tabarmi da faifai. Ja daga karan dafi, baƙi daga bagaruwa da tsohon ƙarfe, in kuma ana son mai ɗaukar ido sai in sayo galura ranar kasuwa. Mahaifinku Malam Idi dillalin bisashe ne a nan Dakoro, kuma shi ma da launi yake aiki, ko da yake bai taɓa kiransa haka ba. In aka kawo tunkiya, ƙibarta ba ta dame shi ba. Sai ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi.

"Dubi nan, Mai Kaba," haka yake kirana. "In ja ne, saya. In ya koɗe, bar musu abinsu ko ta kai jaki girma."

Ramatu ce ta uku cikinku, ita ce kuma lakwal, karatun boko, ya karɓa. Da ta gama jami'a a Yamai ta samu bursu, tallafin karatu, zuwa Jibuti, ƙasar bakin teku, wai za ta yi karatun murjani. Ni murjanin da na sani shi ne jar tsakiyar da Innata ta bar mini a cikin kumbo. Ramatu ta ce wancan dangi ne kawai. Nata yana da rai, ƙanana ne kamar ƙwayar hatsi, suna zaune dubu bisa dubu suna gina gidansu na farin dutse a ƙarƙashin ruwa, yadda gara ke gina shuri. Malam ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ɗiyar Dakoro! Inda raƙumi ke tafiya har ya gaji kafin guga ya leƙo bakin rijiya, ita ce za ta je ta shiga teku. To, Sarkin Ruwa, Allah ya tsare."

Shekara biyu tana aiko mini foto a salula, kowane da muryarta a ƙasa tana bayani. Gaskiya ban ga abin kallo ba. Wasu kamar ƙwarya a kife, wasu kamar ƙahonin barewa, duka dai ruwan ƙasa, launin katangar da ta sha damina. Nakan ce Masha Allahu, amma a raina ina cewa wannan tafiya mai nisa haka don kallon ɓurɓushin laka. Sai a daminar shekara ta uku wani foto ya shigo babu murya. Na buɗe, na zauna. Shuɗi kamar an wanke sama, shunayya, tsanwa mai ƙyalli, ruwan hoda, ga fari tas a gefe kamar sabon alawayyo. Ban taɓa ganin launi irin wannan ba, ni da na shekara arba'in ina rini. Na zagaya gidajen maƙwabta ina nunawa. Na danna na aika mata murya, na ce barka, ɗiyata, gonarki ta yi fure. Ba ta amsa ba. Na ce aiki ne ya yi mata yawa. Ranar kasuwa na sayo galura kala huɗu, na jingine salular jikin turmi, na fara saƙa mata tabarma daidai da foton. Sati uku na yi a kanta.

A wannan daminar ce kuma jikin Malam ya fara ƙi. Babba, kai ka kai mu likita a Maraɗi, aka yi masa ƙarin jini har sau biyu. Abin da ba ka sani ba shi ne, lokacin da ka fita sayen magani likitan ya rufe ƙofa ya yi mana magana. Ya ce ciwon yana cikin ciki, ya riga ya yi nisa, jinin da ake ƙarawa zuba yake yi, mu koma gida mu kula da shi. Da ka dawo da ledar magani Malam ya ce maka gajiya ce da tsufa. Ni ma na bar shi a haka. Da muka iso gida, da safe, ya fito tsakar gida inda haske yake, ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa ya juyo gare ni.

"Mai Kaba, za ki saya?"

Na duba. Fari ne kamar cikin ƙwarya. Tafin hannunsa ma haka. Na ce masa ni na riga na saya tun tuni, ba a mayarwa. Ya yi murmushi, ya tafi alwala.

Ana cikin haka Ramatu ta kira daga Yamai ta ce tana bisa hanya, gobe za ta iso. Ba lokacin hutunta ba ne. Malam ya dubi hannuwansa ya ce in kwaɓa masa lalle, kada yarinya ta sha wannan doguwar hanya ta sauka a kan tashin hankali. Na kwaɓa, na cika masa tafi biyu, na ɗaure da tsumma. Ya rambaɗa kwalli. Da aka wanke, hannun ya yi ja gwanin kyau. Muka shirya in an tambaya mu ce maganin zafin tafi ne. Wannan lallen na farko ban ɗauke shi komai ba, tausayi ne na kwana ɗaya.

Ta iso da la'asar, ta rame, ta yi duhu. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarmar a ƙarƙashin rumfa, na koma gefe ina jiran in ga fuskarta. Ta gaida ubanta, ta juyo, ta ga tabarmar. Ta daɗe tsaye. Sai ta durƙusa ta dafa ta da hannu biyu, ta fashe da kuka irin wanda rabona da jinsa tun tana ƴar shekara biyar.

"Subhanallahi! Ramatu, saƙar ce ba ta yi ba?"

"Ta yi, Inna. Ta yi daidai. Ko ɗigo ba ki kuskure ba."

"To mene ne?"

"Inna, wannan ba fure ba ne. Mutuwa suke yi."

Na kawo mata ruwa, na bari ta huce. Daga baya ta yi mana bayani a hankali, ni da Malam, kuma zan rubuta shi yadda na fahimta, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane sauran ba. Ta ce naman murjani garau yake, kamar tantanin albasa, ba shi da wani launin kirki. Ruwan ƙasan nan da nake rainawa na baƙi ne, wasu ƴan tsirrai da ido ba ya gani, dangin gansakukar da ke fitowa jikin randa. Suna zaune cikin namansa, ya ba su ɗaki, su kuma su dafa masa abinci da hasken rana. Muddin suna nan yana ƙoshe, kuma launinsa ruwan ƙasa ne. Amma in ruwan teku ya yi zafi fiye da yadda aka saba, ya daɗe bai huce ba, sai girkin baƙin ya lalace ya koma guba. Sai mai gida ya kore su. In sun fita, babu abin da ya rage sai naman nan garau, kana hango farin dutsen ta cikinsa. A wannan shekarar ruwan ya yi zafin da bai taɓa yi mata ba.

"To shuɗin fa, da shunayyar?" in ji ni.

"Wannan nasa ne na kansa. Da baƙin suka fita, hasken rana yana shiga ya bugi farin dutsen ya dawo, ya yi yawa, ko sun so komowa ba za su iya zama ba. Sai wasu cikin murjanin su fito da wannan launi a fatarsu, ya tare hasken. Kamar rumfa ce suke kafawa da ɗan ƙarfin da ya rage musu."

Malam ya ce, "Ashe kwalliyar ta wahala ce."

Ya faɗa yana kallon ƙasa, hannuwansa cikin riga. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na tuna muryar barka da na aika mata. Na tashi zan naɗe tabarmar, ta riƙe gefenta ta ce in bari, a kai za ta kwana.

Ta ce ba za ta koma ba. Shekara biyu tana bin murjani guda arba'in, kowane ta ɗaura masa lamba, kowane sati tana nutsewa da wani kati mai launuka jere daga fari zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ta kara a jikinsa ta rubuta inda ya kai. Yanzu duka sun koma farkon katin. Ta ce ba ta iya zuwa ta kalli maƙabarta. Babba, ka zo daga Maraɗi ka yi murna, har ka ce ka san wanda zai sama mata koyarwa a kolejin nan garin. Bari in faɗi gaskiya, don ita na zauna rubutawa: na fi ka murna. Na san abin da ke tafe, kuma ina son ɗiyata kusa da ni in ya zo. Kwana goma na yi ina jin motsinta a madafa ina gode wa Allah.

Ranar sha ɗaya na ce ta raka ni gonarmu ta hanyar Ajekoriya. Hatsi ya nuna, ana gab da girbi. A tsakiyar daminar nan ruwa ya ɗauke kwana ashirin, ganye ya nannaɗe, da yawa ya ƙone. Kamar yadda Innata ta koya mini, a cikin kwanakin nan na bi gonar kunya kunya, duk karan da na ga ya tsaya bai sunkuya ba na ɗaura masa jar kaba. Yanzu na zo yanke zangarniyarsu daban, kafin masu girbi su shigo. Ramatu tana riƙe da kwando, tana bina.

"Inna, me ya sa ba za ki bari a girbe ba, ki zaɓi manyan a rumbu?"

"A rumbu duka kamarsu ɗaya. Babbar zangarniya wataƙila gindin gawo ta samu, ba ta san wahala ba. Ni wadda ta ga ƙishirwa ta tsaya nake so, ita ce iri. Wannan kuwa sai kana wurin lokacin da abin ke faruwa."

Muka ci gaba da yanka har muka gama kunya biyu. Ni kuma wata tambaya ta daɗe tana cina, sai na yi ta, ba da wata manufa ba, Allah ya sani.

"Wai farin nan naku, in ya yi fari ya mutu ke nan?"

"A'a. Yana da rai, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri baƙin suna komowa kaɗan kaɗan. In ya daɗe, shi ke nan."

"Yaushe ruwan ke hucewa?"

"Yanzu. Cikin watan nan zai fara."

"Wa ke duba su?"

Ta ajiye kwandon. Ta ce akwai abokan aiki, amma kowa da nasa, babu mai bin nata sati sati. In an shekara aka je za a ga masu rai da matattu, amma ba za a san wanda ya fara komowa ba, da ko masu rumfar sun fi farare tsira. Kuma waɗanda suka tsira su ake so a ɓalli reshensu a dasa. Ta dubi jar kabar da ke hannuna, ta ce, "Na ɗaura musu kaba, Inna, na gudu kafin girbi." Sai kuma ta ce, "Amma Baba ba shi da lafiya."

Na ce rana ta yi, mu koma.

Da azahar ta tafi gaida gwaggonta, na iske Malam kwance a rumfa. Na ba shi labarin gona duka. Ya saurara, sannan ya fito da hannuwansa ya shimfiɗa a gwiwa. Lallen ya koɗe, farin ya fara leƙowa ta gefen yatsu. Kwana biyu ko uku, duk mai ido zai gani.

"Kwaɓo wani," in ji shi.

"Malam, in ta tafi ba za ta same ka ba."

"Na sani. In ta zauna ma ba riƙe ni za ta yi ba. Za ta zauna ne ta kalle ni ina koɗewa, ga nata can suna koɗewa babu mai kallo. Ni an riga an san inda na nufa. Su ba a sani ba."

"Ni fa?"

Ya ce, "Ke ce za ki biya, Mai Kaba. Shi ya sa ban ce dole ba."

Ku ji da kyau: bai tilasta mini ba. Garin lallen yana cikin gwangwani a ɗakina, ni kaɗai na san inda yake. Da na ce ya ƙare, da magana ta ƙare, Ramatu ta ga hannun, ta zauna. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, gwangwanin a cinyata, har aka kira la'asar. Sannan na fito na kwaɓa. Da Ramatu ta dawo ta sake tambayata jikin Baba, na dube ta na ce gajiya ce, ta tafi ta gama aikinta. Wannan ita ce ƙaryar da na yi, kuma ni na yi ta.

Ranar tafiya Malam ya ce da ƙafarsa zai raka ta tasha. Ya sa farar rigarsa, ya sha kwalli, ya yi ta ba'a a hanya yana cewa ta gaida masa kifaye. A bakin mota ya riƙe hannunta da jan hannunsa ya yi mata addu'a. Da motar ta ɓace ya zauna a kan wani dutse, sai da amalanke aka mayar da shi gida.

Daga nan sai muryoyi. Kowace Juma'a tana aiko foto da bayani, Malam yana saurare kamar mai jin labarin kasuwa. Lamba kaza ta mutu, wani kore mai yauƙi ya rufe ta. Lamba kaza tana nan fari. Ya zaɓi nasa, lamba tara, mai kama da ƙwarya a kife, ɗaya daga cikin masu shunayya. Yakan ce, "Ina labarin ƙwaryata?" Sati biyar babu canji. A na shida gindinta ya yi kamar shayin da aka cika wa madara. Sati na gaba madarar ta ragu. Shunayyar ta riƙa ja da baya, ruwan ƙasa yana hawowa daga ƙasa zuwa sama. Fiye da rabin murjaninta sun mutu, ba zan ɓoye ba. Amma da sanyi ya shigo, lokacin Malam ba ya iya tashi zaune sai na tallafe shi, ta aiko foton lamba tara da katin a jikinta, ta kusa kai ƙarshen duhu. Na kara masa salular kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

"Kai, mummuna ce," ya ce. "Saya, Mai Kaba. Wannan lafiyayya ce."

Bayan kwana tara ya cika, da hantsi, kansa a cinyata. Ramatu ta iso kwana huɗu bayan an rufe shi. Sauran kun sani, kuna wurin. Babba, ka ce da ni na raba uba da ɗiyarsa, ka ce da ita mai karatun launi ba ta ga ubanta ya koɗe ba. Ta sunkuyar da kai.

Abin da ba ku sani ba ya faru bayan arba'in. Ina takaba, hannuna ba ya son zama, sai na shiga neman ruwan ƙasan nan a kaba. Ashe ya fi kowane launi wuya. Na gwada bagaruwa ta yi duhu, na gwada makuba ta yi ja, na haɗa da karan dafi kaɗan. Ramatu tana zaune gefena tana kara katinta jikin kabar tana cewa saura kaɗan. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Inna, na ga lallen."

Hannuna ya tsaya cikin tukunya.

"Tun da nake ban taɓa ganin Baba da lalle ba. Kuma a tasha da ya yi dariya na ga dasashinsa. Shi ya koya mini dubawa, ina ƴar ƙarama, a kasuwar tumaki."

"Me ya hana ki magana?"

"Na buɗe baki, sai ya matse hannuna. Da ƙarfi, Inna, har ya yi mini ciwo. Na gane ya san na gani. Da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kafa mini rumfar nan. Ban iya rushe masa ita ba."

Ta roƙe ni kada in gaya muku. Ta ce gara ku ɗauke ta makauniya da ku san ta gani ta tafi. Na riƙe mata shekara shida. Da na iso wannan babin na kira ta na ce ba zan iya tsallake shi ba, ta ce in rubuta.

To ga shi na rubuta. Mu uku muka san abin, kowa ya yi shiru don ɗan'uwansa, kuma ban ce mun yi daidai ba. Akwai safiyar da nake tashi in ce da na ɓoye gwangwanin. Amma babu wanda aka yasar, babu wanda ya yasar. Tabarmar ruwan ƙasan na gama ta, ba wanda ya taɓa taya ta, mata in sun shigo sukan ce Inna ido ya fara rauni. A kanta nake zaune yanzu. Mai galurar tana Jibuti, a ɗakin Ramatu.

Babba, ka ga inda hannuna ya kai. Lambar ƙanwarka ba ta canja ba, kuma ranar Juma'a ba ta shiga ruwa sai bayan la'asar.